Allon da Aka Kafa a Gonata

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Damina biyu ke nan da na sayi wannan littafin rubutu a Funtua, har bangonsa ya fara nannaɗewa ban sa masa ko bisimilla ba. Tsoro ne ya hana ni, kuma tsoron ba guda ba ne. Ina tsoron kada ya zama na ci naman mutum a bayan idonsa. Ina tsoron kada masu kamfani su kai ni kotu, ni da ban taɓa taka ƙofar ofishin 'yan sanda ba. Ina kuma tsoron a ce wanda iyakarsa firamare me ya kai shi rubutu. Sau uku ina zuwa wurin malaminmu na zaure da tambaya guda. A na ukun ya ce, "Kai, wai sau nawa zan faɗa maka? Wanda aka zalunta yana da damar ya faɗi abin da aka yi masa, muddin bai ƙara gishiri ba. Je ka rubuta, ka bar ni in sha iska." To, ba zan ƙara gishiri ba, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Tambarin kamfanin ma na canza shi. Zan ce hoton shamuwa ne a jikin buhunsu, amma ba ita ba ce, kada wani ya je ya zargi mai shamuwa idan akwai shi.

Ƙauyenmu yana kusa da Tsiga, gonar da na gada wurin mahaifina kuma a bakin titi take, duk wanda zai wuce sai ya gan ta. Ni ba babban manomi ba ne. Abin da aka san ni da shi shi ne karatun kwalba. Mutanenmu ba sa sayen kaya da suna, da hoto suke saye: mai kan kaza, mai jan murfi, mai hoton wancan. Idan mutum ya sayo maganin feshi ko na ƙwari, sai ya biyo ta gidana in karanta masa murfi nawa ake zubawa a tanki, da ranar da maganin zai lalace. Nakan karanta sau biyu, wani lokaci in bi mutum har gida in sake dubawa, don kada a ce ta bakina gonar wani ta ƙone. Ana yi mini dariya a kan haka, amma ana yarda da ni. Idan na ce kwalba ta lalace, jefar da ita ake yi ko da an saye ta da tsada.

Wanda ya fi kowa yi mini dariya shi ne taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Sa'o'i ne mu, tare aka yi mana kaciya. Shi bai yi boko ba, amma a noma ya ninka ni, yana da shanun huɗa guda biyu da yake ji da su kamar 'ya'yansa. Tun muna yara bai taɓa gaishe ni da gaisuwar arziki ba. Daga nesa zai ɗaga murya, "Sarkin tsoro! Yau sau nawa ka koma ka duba ko ka rufe ƙofa?" Ni kuma in ce, "Bawa ba ya yi wa ubangidansa ihu, zo nan ka durƙusa." Haka muke, a gaban surukai ma ba ya fasawa. Duk watan cika-ciki da sassafe zai zo da guntun tsintsiya ya share ƙofar gidana shara biyu ta ƙarya, ya ce sai na biya shi kuɗin shara, in ba haka ba ya kama akuya. Wannan mutumin ne na rasa yana raye, kuma saboda shi nake wannan rubutun.

Shekarar da abin ya fara, wasu Fulani sun sauka a gonata da rani, shanunsu suka kwana a ciki har wata biyu, suna cin kara suna bar mini taki. Da ruwa ya sauka na shuka farar masarar da mahaifina ya bar mana, wadda muke zaɓar manyan zangarkunta kowace kaka mu rataye a saman murhu hayaƙi ya tsare su. Ban taɓa ganin masara irin ta wannan shekarar ba. Ta yi baƙi-ƙirin don kore, ta wuce tsayin mutum da hannunsa a miƙe, kowane kara da goyo biyu.

Ina cikin cire ciyawa a bakin gonar wata hantsi sai wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya. Wani mutum ya fito, ba zai wuce shekara arba'in ba, mai wushirya, da wayoyi biyu a hannu. Kafin ya yi magana sai da ya ciro hankici ya goge takalminsa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni.

"Babana, wannan gonar taka ce? Masha Allah! Tun daga Malumfashi nake kallon gonaki, ban ga wadda ta kama ƙafarta ba."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Ya ce shi wakilin kamfanin iri ne, yana so ya kafa allonsu a bakin gonar. Nan take na ce masa, "Ai ba irinku ba ne, na gida ne." Allah shaida ne na faɗa.

Ya yi dariya. "Babana, an gaya mini kai mai karatu ne. Zo ka karanta allon da kanka. In ka ga wurin da aka ce irinmu ne, in mayar da shi mota."

Na karanta. Hoton shamuwa ne, sai sunan kamfanin, sai wata 'yar magana ta fatan alheri ga manoma. Na sake karantawa, na leƙa bayan allon ma. Babu inda aka ce wannan masarar tasu ce.

"Ka gani? Aron wuri kawai muke nema, kamar yadda mai shayi yake aron inuwar bishiya."

Ya sauke mini famfon feshi sabo a leda, da rigar ruwa, da babbar robar wanki wai ta uwargida, da hula hana-sallah koriya mai hoton shamuwa. Tsohon famfona yana yoyo a bayana shekara uku. Na ce ya kafa.

Bayan kamar sati uku ya dawo da rumfa da kujerun roba da lasifika da katan-katan na lemo. Ya ce taron manoma za a yi. Mutane suka cika bakin titi, har daga Bakori an zo. Aka zaunar da ni a kujerar gaba da hular a kaina. Ya yi magana mai tsawo a kan irinsu, da takinsu, da maganin ciyawarsu, yana yi yana nuna gonata da hannu. Na kasa kunne sosai, ina jira ya ce irinsu ne in miƙe in gyara. Bai faɗa ba. Hannunsa ne kawai yake faɗa. Can ya miƙo mini lasifikar ya ce, "Babana, ya ka ga masara bana?" Na ce, "Alhamdulillahi." Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

Da ana watsewa taubashina ya ratso mutane ya zo, kwalbar lemo a hannunsa.

"La ilaha illallahu! Sarkin tsoron Allah da hana-sallah a ka! Yau da me za ka yi sujada, da ƙeya?"

Aka fashe da dariya. Sai ya matso, ya nuna gonar da bakin kwalbar.

"Kai, tsakani da Allah, wannan ta tsuntsuwar ce?"

Wakilin yana tsaye a gefena, yana murmushi da wushiryarsa. Lemonsa yana cikina, hularsa tana kaina, mutane suna saurare. Kuma na san idan na ce ta gida ce, taubashina zai yi ta yi mini waƙa da ita har kaka, ya ce an saye ni da roba. Sai na ce, "Ba ga allo nan ba? Ko shi ma sai na karanta maka?"

Ya ce, "Shi ke nan." Ya juya ya tafi.

Shekara arba'in da wani abu yana yi mini tambayar wasa. Ranar da ya yi mini ta gaske, na amsa masa da wasa.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. In na idar da salla sai maganar ta dawo: ƙarya na yi ko ban yi ba? Bakina bai ce irinsu ne ba. Amma me ya sa nake jin nauyi in na ga taubashina? Daga ƙarshe na samo wa kaina mafita, wadda yanzu na san mafitar wawa ce. Na ce idan na koma shuka irinsu da gaske, allon ya zama gaskiya, abin da ya wuce kuma sai ya bi ruwa.

Da damina ta zagayo na je Funtua na sayo irin mai shamuwa. Mai shagon ya ce irin ba ya son takin kowa sai nasu, na saya. Ya ce maganin ciyawar wani kamfani yana ƙona shi, na sayi nasu. Da kaka ta zo akwai hodar da ake zuba wa hatsi a buhu, ita ma mai shamuwa. Har buhun da babu komai a ciki, in ba mai hotonta ba ne sai in ga kamar ba zai riƙe masara ba. Kuma irin nasu ba a ajiye shi a sake shukawa, kowace shekara sai sabo. Abin da muke samu kyauta a saman murhu ya koma abin da sai an je Funtua.

Sai suka fito da wata dabara: wanda ya tara ledojin kayansu da ya yi amfani da su, ya kai shago a ba shi bokiti ko tabarmar roba. Na sa ƙusa a bangon zaure ina soke ledoji. Nakan sayi abin da ban buƙata ba tukuna don ledojin su cika. A gida kuwa cefane ya fara ramewa. Naman da nake sayowa ranar kasuwa ya koma ƙashi, daga baya ƙashin ma ya koma sati-sati. Sabulun wanka ya koma na wanki. Wata rana maiɗakina ta ajiye mini tuwo da miyar kuka tsirara, ta zauna gefe tana kallona.

"Malam, ci mana. In ba ta yi daɗi ba in ciro leda biyu a ƙusa in yanka maka a ciki."

Na ce, "Ke ba ki san harkar noman zamani ba."

"Ban sani ba kam. Na dai san bokiti uku ne a gidan nan yanzu, kuma babu wanda ake dafawa."

Ita ce ta tambaye ni ko za a rataye iri a wannan kakar. Na ce a'a, an wuce wannan zamanin. Ragowar farar masarar mahaifina muka kai inji aka niƙa muka cinye.

Gaskiya masarar shekara ta biyu ba ta yi muni ba, don ƙasar tana da sauran ƙarfin takin shanu. Amma ba ta kai ta farko ba, ko kusa. Duk wanda ya tambaya sai in ce ruwa ne ya yi latti. Na zama mai yi musu talla ba albashi. Mutum zai kawo kwalba in karanta masa, sai in ƙara da cewa, "Da mai shamuwa ka saya." A lokacin har zuciyata na yarda da abin da nake faɗa, don in ban yarda ba, sai in koma in zauna da waccan tambayar. Kalandarsu ta fito da hotona a tsakiyar masarar mahaifina, na rataye ta a zaure.

Taubashina ba mai gaggawa ba ne. Shekara biyu yana kallo. A ta uku ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kasuwa ya sayar, ya sayo iri da taki da magani na gonarsa duka, komai mai shamuwa. Ya biyo ta gidana da kayan a kan amalanke.

"Sarkin tsoro, fito ka ga! Na shiga ɗariƙarku. Saura hular, ko sai an yi shekara ake naɗawa?"

Na ce, "Ka sayar da sa?"

"In na samu irin waccan masarar taka ta farko, sa biyu zan saya, har in ba ka aron ɗaya ka ji tsoronsa."

Waccan ta farko. Ledojin ba a buɗe ba tukuna, da na yi magana a lokacin wataƙila mai shago ya karɓi rabi. Na buɗe baki, sai na ce, "Allah ya sa albarka." Na karanta masa bayan ledar sau biyu kamar yadda na saba, ranar lalacewa ba ta zo ba, komai daidai.

Ban san me suka zuba a ledojin wannan shekarar ba, kuma ba zan faɗi abin da ban sani ba. Abin da na gani da idona shi ne, an yi ruwa mai kyau, muka shuka, bayan kwana goma kunya ɗaya tsiro biyar, wata uku, wata babu. Muka sake bi muka cike gurabu da sauran irin, shi ma haka. Wanda ya fito ya tashi rawaya, siriri, ya yi goyo kamar yatsa. Gonakin da aka shuka irin gida a gefenmu kuwa lafiya lau. Mu wajen goma ne a ƙauyen abin ya shafa, amma sauran sun raba ƙafa, wani kadada ɗaya, wani rabi. Ni da taubashina ne muka zuba duka. Ni ina da ɗan waken suya a wata gonar da ya rufa mini asiri. Shi ba shi da komai, ga sa ɗaya da ba ya jan garma shi kaɗai.

Na same shi a gonarsa wata la'asar yana tsaye a tsakiyar kunyoyi. Da ya gan ni har ya fara, "Sarkin tsoro, tsuntsuwarku ta yi mana kashi." Ban bari ya ƙarasa ba. Na gaya masa komai: Fulanin, farar masarar, famfon feshi, da abin da na ce wa wakilin tun ranar farko.

Ya tsinke wani kara ya duba ya yar.

"Ashe ranar da na tambaye ka, ka sani."

Na ce, "Na sani."

"Da ranar amalanke."

"Na sani."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga mini fartanya, da na samu sauƙi. Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya ɗauki butarsa ya tafi.

Washegari muka haɗu a ƙofar masallaci. Ya tsaya, ya ɗan rusuna, ya ce, "Ina kwana, Malam? An tashi lafiya? Ya iyali?" Mutanen da ke wurin suka juyo suna kallonmu. Tun daga ranar haka yake gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, babu abin da ya rage a ciki. Na kai masa buhun waken suya biyu, ya karɓa ya yi godiya kamar yadda ake yi wa baƙo. Na ba shi haƙuri a gaban mahaifiyarsa, gwaggona, ya ce ai ya yafe tuni, Allah ma muna yi masa laifi. Watan cika-ciki ya zo, na zauna a ƙofar gida tun da hantsi har azahar. Bai zo ba. Wani cika-cikin ya sake zuwa, bai zo ba. Da rani yanzu yana tafiya Funtua dakon buhu a kasuwar hatsi, mutumin da a da ake layi a ƙofarsa don ya yi wa mutane huɗa.

Laifina na sani, na ɗauka, ina kuma istigfari a kansa kullum. Amma akwai wanda ya shirya abin tun daga tushe. Ya ga gona a bakin titi, ya tambaya aka ce masa mai ita ba ya ƙarya, shi ya sa ya tsaya. Ba masarata ya zo aro ba, yardar da mutane suka yi mini ya zo ya kwasa, ya biya ni da roba. Wannan mutumin ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe. Na tambayi malam ko dole ne, ya ce yafiya ta fi lada amma ba dole ba ce. Na ce to a bar mini nawa haka.

Tun a daminar da irin ya ƙi fitowa na fara da shagon Funtua. Mai shago ya ce shi ɗan kasuwa ne, abin da aka kawo masa a rufe shi yake sayarwa a rufe. Wakili fa? An canza masa wurin aiki. Lambobinsa biyu duk a kashe. Na dawo gida na sauke kalandar, na tattara hula da ledojin ƙusa zan cinna musu wuta, sai na tuna akwai sunan Allah a jikin kalandar wurin watannin Musulunci. Na yanke wurin da almakashi na ajiye, na ƙona sauran. Bokitan kuwa maiɗakina ta hana, ta ce su ba su yi laifi ba, kuma da naman bakinta aka saye su.

Allon yana jingine a bayan rumbu, don na cire shi tun da tsiro ya ƙi fitowa, saboda kunya. Sai wata dabara ta zo mini. Na wanke shi da omo tas, na ɗauka na mayar da shi bakin gonar, daidai inda masarar ta fi lalacewa, na haƙa rami mai zurfi na danna shi da duwatsu. Masu wucewa suka fara rage gudu. Direbobi suna nuna wa fasinja. Na kai benci na zauna a gindinsa, duk wanda ya tsaya sai in ce, "Wannan ita ce tasu ta gaske. Waccan da kuka gani a kalanda ta mahaifina ce." Kwana tara ina wannan zaman, kuma rabon da in ji tuwo ya yi mini daɗi kamar na waɗannan kwanakin har na manta.

A na goma mai shagon ya zo da kansa a kan babur, da leda a hannu.

"Haba Malam, ai wannan ɓata suna ne. Ga ɗan sabon iri ka gwada, a cire allon nan."

Na ce, "Alhaji, karanta allon. In ka ga inda na ƙara ko harafi ɗaya, in cire."

Ya tafi yana huci. Bayan kwana biyu na zo da safe na tarar da rami kawai. Ban ga wanda ya cire ba, don haka ba zan ce shi ne ba.

Bara da kaka wani mai sayen masara da yake yawon ƙauyuka ya ce mini ya ga mai wushirya wajen Mahuta, amma ba da shamuwa ba, yanzu wani tambari yake ɗauke da shi. Ni da ba na son doguwar tafiya, hanya kuma ba ta da daɗi a wannan zamanin, na hau babur na tafi. Ban same shi ba, ya wuce da kwana huɗu. Amma na samu allo a bakin wata gonar masara mai kyau, da wani dattijo a ciki da sabuwar hana-sallah. Na gaishe shi, na yaba gonar, sannan na ce, "Baba, wannan irin nasu ne?" Ya kalli allon, ya kalli ƙasa, ya ce, "To, ga shi nan dai." Na san wannan kallon ƙasar. Na zauna a kan kunya na ba shi labarina tun daga farko. Kafin in gama ya cire hular ya cusa a aljihu. Ya ce maƙwabcinsa har ya fara maganar sayar da tumaki. Na ce ya je ya same shi yau, kada ya bari sai gobe. Mu biyu muka jijjige allon muka kwantar da shi a kwalbati.

Daga baya an ce an ga mutumin wajen Maska. Na je, ban tarar da kowa ba, sai kwalaben lemo a gindin wata bishiya.

Abin da nake so ba duka ba ne, ba kuma kotu ba. Ina so in riske shi ranar taro, rumfa a kafe, mutane a cike, lokacin da zai miƙa wa mai gona lasifika. In miƙe in karɓa. In tambaye shi a gaban kowa, da lasifikarsa, wane iri ne a gonar da yake nunawa, ya amsa da baki ba da hannu ba. Ina so in ga wushiryar nan ta rufe. Ina so duk garin da ya shiga bayan nan yara su riƙa nuna shi. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, na haddace, ina maimaitawa in ina kan hanyar gona.

Kwanan baya na tari taubashina a bakin rijiya na gaya masa shirin. Na ce ina so ya zo, ya tsaya a gaba, mutumin ya ga wanda ya raba da sansa. Ya saurara har na gama, yana naɗe igiyar guga. Sai ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Wa zai riƙe maka lasifikar, kai da hannunka ke rawa in akuya ta yi atishawa?" Ya ɗauki jarkokinsa ya wuce. Bai ce Malam ba. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina juya maganar, ban gane ba ko tsiya ce irin ta da, ko gaskiya ce kawai ya faɗa. Ban kuma iya tambayarsa ba. Abin da na lura dai shi ne bai ce ba zai zo ba.

Don haka ina roƙon duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, daga Funtua zuwa Malumfashi, da Dandume da kewaye. Idan kun ga an kafa sabon allo a gonar bakin titi, ko kun ji ana shelar taron manoma da lemo kyauta, ku duba mai jawabin. Yana da wushirya, yana riƙe waya biyu, yana ce wa kowane dattijo Babana, kuma ba ya fara magana sai ya goge takalmi. Tambarin da ke motarsa kada ya ruɗe ku, yana canzawa. Ku tabbatar shi ne, kada a ɗauki alhakin wani mai wushirya da bai ji ba bai gani ba. Don Allah kada wanda ya taɓa shi ko motarsa. Ranar taron da sunan garin kawai nake so, a bar saƙo wurin masu awon masara a kasuwar Bakori, za su san wanda ake nufi. A yi ƙoƙari saƙon ya iso da kwana biyu a gaba, don sai na nemo babur mai ɗaukar mutum biyu.